Takardar tarar da na wanke a aljihun wando

'Yan uwa ɗalibai, musamman na nan Mubi, 'yan jami'a da 'yan foli. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Na daɗe ina jin nauyin ba da labarin nan saboda ni ne mara gaskiya a ciki, amma na ga idan na yi shiru wani ma zai faɗa ramin da na faɗa.

Sati uku da suka wuce na ari motar Bappana, wata tsohuwar Golf, na je Maiha karɓo takardun tambayoyin da na raba na bincikena. Duk wanda ke digiri na biyu ya san wannan matakin: aljihu ya bushe, barci ya ƙaura, wayar sufabaiza kuwa idan ta shigo har gabanka sai ya faɗi. To ina dawowa, daf da shiga gari, sai ga kiran Malam. Ban yi tunanin komai ba na ɗauka, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kunne, ina ta "na'am Malam, to Malam, in sha Allahu Malam". Bel kuwa tun Maiha yana rataye a gefe yana hutawa. Ɗaga idon da zan yi, sai ga motar 'yan kiyaye haɗurra a gefen titi, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga mini hannu.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin bai yi mini tsawa ba. Ya gaishe ni, ya ce in ba shi lasin tuƙi da takardun mota. Takardun mota suna nan cikin aljihun gaba. Lasin kuwa na laluba ko'ina babu, ashe yana cikin walat, walat ɗin yana kan katifa a ɗakina. Na fara rantse-rantse, ya ce: "Malam, ba na musu da kai, amma abin da na gani shi zan rubuta." Ya rubuta laifi uku: waya a kan tuƙi naira 4,000, rashin ɗaura bel naira 2,000, rashin lasin naira 10,000. Jimla 16,000. Ya riƙe takardun motar, ya miƙo mini takardar tara, ya ce in na biya in zo ofis in karɓa. Wani abokin karatuna mai lasin na kira ya zo ya ja motar.

Abin da ke asusuna a ranar naira 21,000 ne, kuma na ware su ne don buga kwafin aikina da ɗaure shi kafin semina. Ku lissafa da kanku.

A wurin ma shaiɗan ya raɗa mini cewa in ɗan murza dubu biyu in miƙa, a wuce wurin. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne kaɗai, in faɗi gaskiya, har da tsoron kada in ƙara wa kaina. Daga baya na gane ashe yunƙurin ba jami'in hanya cin hanci shi ma laifi ne mai zaman kansa a jadawalinsu, tararsa naira 10,000. Da na gwada, da garin neman gira na rasa ido.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni. Na mayar wa Bappa mota da yamma, ya ce lafiya ka dawo, na ce lafiya lau. Ban ce masa takardunsa ba sa cikin mota ba. Na ce a raina gobe zan gyara komai ba tare da ya sani ba. Washegari Asabar na tara kayan wanki, na jiƙa, na dirje, na shanya. Sai da na zo guga na ji wani abu ya dunƙule a aljihun wando. Takardar tarar ce, ta koma kamar fura da aka dama. Babu lamba, babu kwanan wata, babu komai.

Nan fa ido ya raina fata. Na je wani shagon kwamfuta ina ba da labari, sai wani saurayi da ke zaune ya ja ni gefe. Ya ce shi ya san su duka, in ba shi 20,000 zai karɓo mini takardun kafin la'asar, ba sai na je ko'ina ba. Ya ce tunda takardar ta lalace, in na je da kaina za a ce na yi watsi da umarni, a kai ni kotu. Wallahi saura kaɗan in tura masa. Abin da ya cece ni shi ne na tambaye shi ko zai kawo mini rasit, sai ya yi dariya ya ce wane irin rasit kuma. Daga nan jikina ya yi sanyi, na ce zan dawo. Har yau ban koma ba.

Ranar Litinin na ɗauki lasin ɗina da katin ɗan ƙasa na tafi ofishinsu, gabana na dukan uku-uku. Na ce takardata ta lalace. Ma'aikaciyar da na samu ta tambaye ni lambar mota, da ranar da aka tsayar da ni, da wurin. Ba a yi minti goma ba ta fito da bayanin: sunana, lambar takardar, laifuka ukun nan, har da lokacin. Ashe wadda ake ba ka kwafi ce kawai, asalin bayanin yana wurinsu. Duk tsoron da na kwana biyu da shi, da wanda saurayin nan ya so ya sayar mini a kan 20,000, na banza ne.

Ga abin da na fahimta, wanda da na san shi tun farko da ban sha wannan wahalar ba. Hukumar FRSC an kafa ta a 1988 zamanin Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce. Kowane laifi yana da tararsa a rubuce, ba jami'in ne ke yanke ta da ka ba. Kuɗin kuma ba a hannu ake ba da shi ba, ba a titi ba, ba a ofis ba. Ta Remita ake biya ya shiga asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya. Duk wanda ya yi bautar ƙasa ya san lambar nan ta RRR mai alƙaluma 12. Ita ɗin ce dai. Ka ciro ta da lambar takardarka, ka biya a banki ko ta waya, ka buga rasit, ka kai ofis. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗin a hannu ko ka tura asusunsa, to ka san inda ya dosa.

Abu na biyu, takardar tara ba hukuncin alƙali ba ce. Ma'anarta ita ce: ana zarginka da kaza, in ka amince ka biya a rufe magana, in ba ka amince ba kotu ce za ta raba. Shi ya sa wani lokaci za ku ga sun fito da kotun tafi-da-gidanka, majistare yana zaune a gefen hanya ana yanke hukunci nan take. Kana da damar ka ce ba ka yarda ba. Amma ka sani in mota aka tsare ba takardu ba, bayan awa 24 na farko akwai kuɗin ajiya naira 200 kowace rana, saboda haka jan ƙafa ma yana da farashi. Kuma jikin takardar akwai wa'adin biya, kada ka bari ya wuce.

Ni dai na zauna na yi wa kaina hisabi. Waya na riƙe ta, bel ban ɗaura ba. Waɗannan biyun ko gaban wane alƙali aka kai ni ba ni da ta cewa. Amma lasin ina da shi, bai ƙare ba, mantuwa ce. Sai na nemi farar takarda na rubuta wa shugaban ofishin ƙorafi, layi shida kacal: na amsa laifi biyu, ina roƙon a sake duba na uku, ga kwafin lasin na haɗa. Ban zagi kowa ba, ban ce ni ɗan wane ba ne, ban ce ina digiri na biyu ba. Aka karɓa, aka duba lambar lasin ɗin a kwamfuta, aka ce in dawo washegari. Da na koma an cire na ukun. Na biya 6,000, na zauna tare da wasu direbobin haya biyu aka yi mana lacca kan tuƙi, aka ba ni takardun Bappa. Ban ce haka za a yi wa kowa ba, kuma ni ma an ja mini kunne cewa lasin a jikin direba ya kamata ya kasance, ba a kan katifa ba. Abin da nake cewa shi ne, ƙorafi a rubuce da hujja a hannu ya fi hayaniya a bakin titi nesa ba kusa ba.

Saura babbar kotun, wato Bappa. Kwana huɗu yana yawo da mota babu takardu bai sani ba, har ya je Hong ta'aziyya ya dawo. Da an tare shi a hanya, dattijo zai buɗe aljihun mota da ƙarfin gwiwa ya tarar wayam. Wannan tunanin ya fi tarar ci mini rai. Bayan sallar isha'i na same shi a ƙofar gida, na durƙusa, na ajiye takardun a gabansa, na faɗa masa komai har da wankin.

Ya daɗe bai ce komai ba. Bappa ya yi shekaru yana jan motar haya tsakanin Mubi da Yola kafin ya bari. Can ya ce: "Kuɗin ba su dame ni ba. Ɓoyewar ma na yafe. Amma wayar nan, da wa kake magana?" Na ce malamina ne. Ya ce: "Da ka tsaya a gefe minti biyu, digirin zai gudu ne? Ni da hannuna na ɗauki mutane tsakanin Gombi da Song, wani wayarsa tana ta ƙara a cikin ciyawa, gida ake nemansa. Ka gode wa Allah tara ka biya, ba makara aka kawo ba."

Ban iya ɗaga kai ba. Duk kwanakin nan ina ta lissafin dubu goma sha shida da dubu shida, ban taɓa tsayawa na tuna cewa a daidai wurin da na ɗauki wayar akwai yara 'yan makaranta da ke tsallaka titi ba.

To 'yan uwa, in an ba ka takardar tara, kafin ka ninke ta ka ɗauke ta hoto da wayarka. In ta ɓace, ka je ofis da kanka da lambar mota da ranar da abin ya faru. Ka ajiye rasit. In motar aro ce, mai ita ya fara ji daga bakinka a ranar. Lambar gaggawarsu 122 ce in an yi haɗari, ku ajiye ta, Allah ya sa kada ku buƙace ta.

Seminar dai an yi, da kwafi biyar maimakon bakwai, wani abokina ya cika mini sauran. Malam ya sake kirana jiya ina cikin Keke, ko a nan sai da na duba gefe da gefe kafin in ɗauka. Bappa kuwa har yanzu bai ce ba zai sake ba ni mota ba, ni ne dai ban samu fuskar tambaya ba tukuna.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa mu gama karatun nan lafiya.