Daga Aliero zuwa Barlin: kuɗin bin sawun manhaja

Takardar biyan kuɗi ce ta sa wani ɗan Aliero mai rubuta manhaja a Barlin ya ajiye kofin shayinsa. Duk wata kamfanin da yake wa aiki na biyan wani kamfanin don kawai ya adana masa log, wato sawun da manhaja ke bari duk lokacin da aka kira fankshon: me ya shiga da shi, me ya fito da shi, daƙiƙa nawa ya ci. Da ya juya kuɗin zuwa naira, sai ya hango tirelolin albasa jere.

A gida, tun yana ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, print ce maganin komai. A watsa ta, a gano inda aka yi tuntuɓe, a goge. Ko kwabo.

Amma dole ya sara wa abokan aikinsa na Barlin. Dekoreta guda suke rubutawa, dabarar da ta shigo Python a 2004, su ɗora wa fankshon kamar hula, ita ke rubuta shigarsa da fitarsa, tamkar yaron dillali riƙe da biro a kasuwar Jega. Daren da manhajarsu ta faɗi, kafin shayi ya huce sun gano kiran da ya jawo. Sai ya tuna manhajar lissafin buhuna da ya yi wa wani ɗan kasuwa a Maiyama. Da ta ƙi aiki, sai da ya hau kabu-kabu ya je yana lalube.

Abin da yake aika wa ƙannensa ke nan: logging na cikin Python tun 2003, kyauta. A sa functools.wraps cikin dekoreta, kada sunan fankshon ya ɓace. DEBUG ta gwaji ce. A bar ta cikin madauki, ta cika faifai kafin la'asar, don haka a nemi RotatingFileHandler. Kada a rubuta kalmar sirri ko lambar wayar mutane, Turai na da dokar kare bayanan mutane tun 2018, Najeriya ma ta yi tata a 2023.

Kuɗin dai bai daina ci masa rai ba, musamman da ya karanta rahoton cewa kamfanin Coinbase ya biya Datadog, mai irin wannan aikin na adana log, kusan dala miliyan 65 na shekarar 2021. In dare ya yi ba mai kallo, har yanzu print yake sakawa.