Sajen da ya daina tsawa

Maƙalar wannan makon a kan wani mai zane take, Ba'amurke, wanda ya rasu tun kafin a haifi yawancinmu. Ku yi haƙuri ku biyo mu, zancen zai dawo gida.

Sunansa Bob Ross. Muna kwalejin fasaha muka fara cin karo da shi a YouTube, wani dare da babu wuta, mun yi cincirindo a kan waya ɗaya. Mutum ne mai gashi buzu-buzu, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Kafin rabin awa ta cika, farin ƙyallen da ke gabansa ya zama tsauni mai dusar ƙanƙara, ga tafki, ga itatuwa. Babu wanda ya je ya sayi buroshi a cikinmu, kuɗin data ma da ƙyar. Amma mun ci gaba da kallo.

Daga baya muka san tarihinsa. An haife shi a jihar Florida a 1942, ya yi shekara 20 a rundunar sojan saman Amurka, yawanci a Alaska, inda ya ga tsaunukan da ya ƙare rayuwarsa yana zanawa. Ya kai muƙamin babban saje, aikinsa daka wa na ƙasa tsawa, ya sa su wanke bayi, ya sa su gyara gado. Shi da kansa ya ce ya ɗauki alkawarin in ya bar soja ba zai ƙara yi wa kowa ihu ba. Shirinsa na talabijin, The Joy of Painting, ya gudana a tashar PBS daga 1983 zuwa 1994, kashi 403. Ya rasu a 1995 yana da shekara 52, sanadiyyar cutar daji. Shekara 20 bayan rasuwarsa aka sake haska shirin a jere a dandalin Twitch, miliyoyin matasa suka zauna suna kallon mamaci yana zana gajimare.

Abin da ya tuna mana da shi ba abin alfahari ba ne. Bara wata 'yar uwa ta sako gajeren labarinta na farko a zauren ƙungiyarmu ta marubuta. Labarin yana da rai, a kan yarinyar da ke tallar awara take, amma ƙa'idojin rubutu sun sha kashi: an haɗe abin da ya kamata a raba, babu ƙugiya ko ɗaya. Muka yi mata ca. Wani ya ce ta koma firamare, wani ya lissafo kurakurai sha bakwai da lamba. Mu da ke rubuta wannan muna cikin waɗanda suka yi dariya. Kafin gari ya waye ta goge labarin, ta fice.

Da kunya ta kama mu, sai muka faɗa ɗaya ramin. Yanzu duk abin da aka sako, amsar ɗaya ce: "Masha Allah, Allah ya ƙara basira." Har wanda bai karanta ba yana rubuta hakan. Muna zaton sauƙin kai muka koya, alhali lalaci ne muka sa wa hula.

Da muka koma kallon Bob Ross da idon masu neman koyarwa, sai muka ga taushin muryarsa bai taɓa hana shi yin bayani dalla-dalla ba. Tun farkon shiri ake jero sunayen launukan da zai yi amfani da su a ƙasan allo. Zai gaya maka ya riga ya shafe ƙyallen da farin fenti mai ruwa-ruwa, don launuka su cakuɗa a kai ba sai an jira sun bushe ba, salon da ya koya a wajen malaminsa Bill Alexander. Zai nuna wane buroshi, ya nuna yawan fentin da za a ɗiba a bakin wuƙar zane, ya ce kada a danna, a bar hannu ya yi sako-sako. In hannunsa ya goce, ba ya ɓoyewa. Yana kiran irin wannan kuskure hatsari mai daɗi, sannan a gabanka ya mayar da ɗigon ya zama itace. Wato kuskuren ba ya zama a yadda yake, sai an yi masa aiki. Wannan rabin maganar muka bari a baya.

Wani abu kuma da ya fi ba mu kunya: kusan kowane zane da aka gani a shirin sau uku ya yi shi. Na farko kafin a kunna kyamara, a ajiye shi gefe yana leƙawa. Na biyu shi ne wanda muke kallo. Na uku ya yi shi a tsanake don littattafan koyarwa. Mu kuwa mukan rubuta babi a waya da ƙarfe ɗayan dare, mu saka shi kafin mu sake karantawa, mu zauna jiran yabo.

Ba ma cewa zanensa ya fi na kowa. Gaskiya in ka kalli goma, ka ga kamar ɗaya ne, irin na kalandar bango, kuma manyan masu sukar zane ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Sai dai ba mu san wani mai suka da ya sa wanda bai taɓa riƙe buroshi ba ya yarda zai iya ba.

Makon jiya mun nemo lambar 'yar uwar nan, muka ba ta haƙuri, muka roƙe ta ta turo labarin. Kwana huɗu ba ta amsa ba. Jiya da daddare ya shigo, ba sallama, ba komai. Mun karanta sau uku. Wuri uku kawai muka yi wa alama, kowanne da dalilinsa da yadda za a gyara, muka kuma nuna mata sakin layin da yarinyar ke ƙirga canji a gindin fitilar titi, muka ce kada ta taɓa ko kalma ɗaya a ciki. Har yanzu ba ta ce za ta dawo zauren ba.