Furen Yini Ɗaya

A Amurka akwai wani fure da ba ya kwana. Yakan buɗe da sassafe, ya yini yana ado, kafin gari ya sake wayewa ya yanƙwane. Masana tsirrai suna kiransa Hemerocallis, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin yini da kyau. Ni dai furen yini ɗaya nake ce masa, kuma shekara tara ke nan ina shuka shi a bayan gidana, a jihar Karolina ta Arewa, nesa da Damagaram inda aka yanke mini cibiya.

Wanda ya ji labarin zai ɗauka asarar wahala ce. To amma kowane kara yakan ɗauki ƙullin fure goma ko fiye, yau wannan ya buɗe, gobe wancan, sai a yi makonni tsakanin Yuni da Yuli lambu bai rabu da launi ba. Siffarsa kamar bakin kakaki, saiwarsa kuma kauri gare ta kamar yatsu, tana ajiye ruwa, shi ya sa fari ba ya saurin kashe shi.

Asalinsa daga gabashin Asiya ne, inda Sinawa ke busar da ƙullin su sa a miya. Daga can ya shiga Turai, Turawa suka ƙetaro da shi Amurka. Wani masani mai suna Arlow Stout ya daɗe yana haɗa jinsunansa a lambun binciken tsirrai na New York, har ya fitar da littafi a kansa a 1934. Yau ire-iren da aka yi wa rajista sun haura 80,000. Wanda ya fi cika ido shi ne Stella de Oro, ɗan gajere rawaya da aka fitar a 1975, wanda za ka gani a gidajen mai da bakin kantuna.

Ni tsofaffin nake bi, don da tsohuwar zuma ake magani. Ina da mai ruwan goro, wanda ke fita da kansa a bakin hanya har mutanen nan sun raina shi. Ina da Kwanso, mai fure ninki-ninki. Sai Hyperion, dogo, rawaya kamar lemon tsami nunanne, mai ƙamshi, wanda ke hannun mutane tun shekarun 1920. Sababbin sun fi su girman fure da ƙyale-ƙyale, amma da yawansu ba su da ƙamshi.

Abin da ya ɗaure ni da su shi ne yadda suke rayuwa. Mai ruwan goron nan da wuya ya yi ƙwaya. Waɗanda ke yi kuwa, in ka shuka ƙwayar, abin da zai fito ba zai zama uwar ba. Duk wanda ya san dabino ya san wannan: mai son ainihin iri ɗan gindi yake cirewa, ba ƙwallo yake binnewa ba. Ke nan kowane Hyperion da ke duniya yau yanki ne na tushe guda, an yi ta tsaga shi ana miƙa wa juna kusan shekara ɗari. Ranar da hannu ya daina miƙawa, ranar irin ya fara mutuwa.

Nawa daga wata tsohuwa maƙwabciyata ya fito. Mahaifiyarta ce ta dasa shi, ita kuma ta yi ta ɗawainiya da shi har gwiwa ta gaza. Da 'ya'yanta suka yanke shawarar mayar da ita gidan kula da tsofaffi, ta kira ni ta katanga ta ce in zo da shebur. Ba ta karɓi ko sisi ba. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini: kada in bar shi a gida ɗaya. Bayan wata huɗu masu sayen gidan suka malale wurin da siminti don ajiye mota.

Cika wannan alkawari ba shi da wuya, don shukar da kanta take neman a raba ta. Bayan shekara uku zuwa biyar gindin yakan cushe, fure ya ragu. Sai in tone shi a watan Satumba, in wanke ƙasar, in rage ganyen, in tsaga shi gida huɗu ko biyar. Kowane yanki ana dasa shi inda rana ke bugawa aƙalla awa shida, ba a zurfafa wuyansa cikin ƙasa. Abokan gabarsa a nan barewa ce, mai cinye ƙullin a dare ɗaya. Wanda ke da kyanwa kuma nakan gargaɗe shi, domin shukar guba ce gare ta, tana lalata mata ƙoda.

Zuwa yanzu Hyperion ɗin nan ya shiga gida bakwai. Akwai na wani direban babbar mota ɗan Maraɗi, akwai na wata malamar asibiti 'yar Gana, akwai wanda ke gaban masallacinmu. Mu baƙi ne a ƙasar nan, yawancinmu haya muke, kuma kowa da ransa a gida. Ban san shekara nawa suka rage mini a nan ba. Shi ya sa duk wanda na ba, nakan maimaita masa sharaɗin tsohuwar, in kuma rubuta masa sunan irin a takarda, don fure in ya rasa sunansa ciyawa ake ɗaukarsa. Bana gindi biyu sun isa rabo, wanda ke kusa ya tanadi bokiti.