Wasiƙa daga Ingila: Masu Neman Ƙarfe a Bakin Teku

Zuwa ga iyaye da 'yan'uwa na Bagudo, Illo, Ka'oje, Lolo da Tsamiya.

Daga cikin al'adun Ingila da ke ɗaure wa baƙo kai akwai ta mutanen da kan fita gaɓar teku da sassafe, galibinsu dattawan da suka yi ritaya, kowanne riƙe da sanda mai faifai a ƙarshenta, yana shafa ta bisa yashi hagu da dama. Sandar ita ce na'urar gano ƙarfe: a cikin faifan akwai naɗaɗɗiyar waya da ke aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, idan ya ci karo da ƙarfe sai na'urar ta yi ƙara a kunnen mai ita, kuma gwani yakan bambance ƙarar kwabo da ta murfin kwalba tun kafin ya tona. Lokacin fitarsu yana bin janyewar teku, wato komawar ruwa baya sau biyu a yini, wadda ke fito da yashi kamar yadda kogin Kwara ke barin tsibirai a rani. Abin da suke samu yawanci kwabbai ne da makullai da gwangwani, sai jefi-jefi zoben da ya sulluɓe daga yatsan mai iyo, wanda masu mutunci daga cikinsu kan yi cigiyarsa.

Mutanen kan iyaka sun san wannan na'ura ta wata fuskar, domin irinta ce ta ja dubban samari zuwa Jado a arewacin Nijar a 2014, lokacin da zinariya ta ɓulla a hamada. A can neman abinci ne mai haɗarin rai, a nan kuwa nishaɗi ne, amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne dokar da aka kewaye nishaɗin da ita. Dokar Taska ta 1996, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta ɗauki abin da ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 nasa zinariya ko azurfa ne a matsayin taska, ta kuma wajabta wa wanda ya tsince shi ya sanar da jami'in shari'a na yankin cikin kwana 14. Idan wani gidan tarihi yana son kayan, kwamitin masana ne ke yanke kuɗinsu, a biya mai tsintuwa da mai fili. Haka aka yi a 2009, sa'ad da Terry Herbert ya gano kayan zinariya na ƙarni na 7 a wata gona a Staffordshire, aka ƙiyasta su a kan fam miliyan 3 da dubu 285, aka raba kuɗin biyu tsakaninsa da manomin. Ƙananan abubuwan da ba su kai taska ba ma akwai tsarin da aka fara a 1997, wanda Gidan Tarihin Birtaniya ke kula da shi, na rubuta siffarsu da ainihin wurin da aka same su, sannan a mayar wa mai su. Hikimar a bayyane take: wanda ya tabbata za a biya shi haƙƙinsa ba ya da dalilin ɓoyewa, kuma tsohon kwabo da aka san makwancinsa shaida ne ga masanin tarihi, alhali wanda aka narkar nauyinsa kawai ya rage.

Musulmin Bagudo ba baƙo ba ne ga tushen wannan tunani, tun da fiƙihun Malikiyya ya hukunta yin cigiyar tsintuwa mai daraja har shekara guda, ya kuma ɗora humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, a kan rikazi, dukiyar mutanen da da aka tarar binne. Ƙasarsa kuma ba ta rasa abin da aka binne ba. Illo tsohuwar mahaya ce ta fataken da ke ratsa Borgu zuwa Gwanja sayen goro, kuma muhimmancinta ya kai yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta ambace ta wajen shata iyakar da a yau ta raba Kebbi da Jamhuriyar Benin. Zangon da ayari ya yi ta sauka shekara da shekaru ba ya rasa mundaye da linzamai da kawunan mashi a ƙarƙashinsa, kuma abin takaici ne a ce makomar irin waɗannan kaya, idan garma ta tono su, ita ce maƙera ko hannun dillalin da zai tsallaka da su Segbana ta Jamhuriyar Benin.

Saboda haka roƙon wannan wasiƙa ga hakimai da dagatai da malaman makarantu shi ne su ja hankalin manoma da masu haƙar ma'adinai: duk wanda ya tono tsohon abu ya lura da wurin, ya ɗauki hotonsa, ya kai wa mai unguwa domin a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin kayan tarihi. Ita kuma hukumar ana roƙonta ta tanadi ladan da zai sa talaka ya kawo da kansa.

Wassalam.