Daga Janeba zuwa Brévent: ɗumin kai a ƙarƙashin hular kwano

Daga Janeba zuwa garin Chamonix na ƙasar Faransa tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci ce a mota, amma tana ɗauke matafiyi daga bakin tafki ta ajiye shi a gindin Mont Blanc, dutse mafi tsawo a tsaunukan Alps, mai kimanin mita 4,800. A wannan gari aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a shekarar 1924, kuma har yau zamiya a kan dusar ƙanƙara ce ke tara masa baƙi. Na isa can a tsakiyar sanyi, na hau motar igiya zuwa ƙololuwar Brévent, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a hanya shi ne kawunan mutane. Kusan kowa na sanye da hular kwano, sai dai sun rabu gida biyu. Wasu sun cusa hular ulu mai kauri a ƙarƙashinta, har kwanon ya ɗaga sama ya bar goshi a fili. Wasu kuma kwanon ya zauna daram a kansu, ba ka ganin komai a ƙasansa sai siririn ƙyalle. Ni ina ganin na biyun ne suka fahimci sanyi, domin abin da ke riƙe ɗumin kai shi ne kwano daidai da kai, da toshe kafofin da iska ke shiga, da hana gumi taruwa.

Dole ne mutum ya fara sanin irin sanyin da ake magana a kai. Garin Chamonix yana kan mita 1,035 daga doron teku, Brévent kuma mita 2,525. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kusan digiri 6 da rabi, saboda haka cikin 'yan mintoci matafiyi ya shiga wurin da ya fi gari sanyi da kusan digiri 10. Sannan mai zamiya shi ke haddasa wa kansa iska. Idan ma'auni ya nuna digiri 10 ƙasa da sifili, mutum kuma yana gangarowa da gudun kilomita 40 a sa'a, fatarsa za ta ji kamar digiri 21 ƙasa da sifili. Irin wannan iska takan bi duk inda ta samu kafa, kuma wuraren da ta fi cutarwa su ne kunne, hanci, kumatu da goshi. Shi kwanon kansa ba ya rasa ɗumi. Cikinsa kumfa ce mai tauri da ke riƙe iska a ƙananan ramuka, dangin wadda ke cikin bangon kular abinci, kuma tana hana zafin kai fita kamar yadda kula ke hana tuwo hucewa. Akasarin kwanukan suna da matashin kunne, da wasu kafofi a sama da ake buɗewa ko rufewa da yatsa ɗaya.

Wani zai ce ai an daɗe da sanin cewa ta kai ne rabin ɗumin jiki ke fita, don haka ƙarin hula ba ya zama laifi. Wannan magana ta yaɗu, amma ba haka abin yake ba. Kan baligi kusan kashi 10 cikin 100 ne na fatar jikinsa, kuma ɗumin da ke fita ta nan bai yi nisa da wannan kaso ba. Abin da ya sa ake ganin kamar ya fi haka shi ne fuska da kai sun fi sauran jiki saurin jin sanyi. Hula mai kauri kuwa tana jawo matsala biyu. Tana ɗaga kwanon, sai a samu tazara tsakaninsa da tabarau, iska ta riƙa dukan goshi kai tsaye. Tana kuma sa gumi lokacin gangara, ga shi ruwa ya fi iska saurin kwashe zafi fiye da sau 20. Na lura da wannan a kujerun igiya masu mayar da mutane sama: wanda ya gangaro a jiƙe, da zarar ya zauna shiru cikin iska sai ka ga ya takure yana karkarwa, alhali na kusa da shi mai siririn ƙyalle ya buɗe kafofin kwanonsa a gangara, ya rufe su a kujera, yana zaune lafiya. Shi ya sa masu sana'ar zamiya suke zaɓar siririyar hular da ke rufe kai da wuya da haɓa, ta ulun merino ko zaren roba mai saurin bushewa, suna gudun auduga domin tana shan ruwa ta riƙe.

Wani kuma zai ce to a sayi kwano mai girma, yadda hular ulu za ta samu wuri. A nan ne haɗarin ya fi yawa. Aikin kwano shi ne kumfarsa ta murƙushe ta shanye bugu kafin ya kai ga ƙoƙon kai, kuma hakan ba ya yiwuwa sai tana manne da kan. Ulu yana lotsewa, yana zamewa, sai kwanon ya karkace daidai lokacin da ake bukatarsa. A shagunan haya na garin na ga yadda ake gwada wa mutum: a sa masa kwanon ya sauko kusa da gira, a murɗa maɗaurin ƙeya, a ce ya girgiza kai kafin a ɗaure igiyar haɓa. Idan fatar goshi ta motsa tare da kwanon, ya yi daidai. Idan kwanon ya yi rawa shi kaɗai, a canza. Daga nan a ɗora tabarau a duba ko bakinsa na sama ya haɗu da bakin kwanon ba tare da tazara ba. Gwajin da ke tabbatar da kariya shi ne kuma ke tabbatar da ɗumi.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na masu cewa a ranar tsananin sanyi gara a ajiye kwanon a sa hular ulu kawai, tunda kwano ba ya hana mutuwa idan gudu ya yi yawa. Akwai gaskiya a ciki. Ma'aunin Turai mai suna EN 1077 yana gwada kwanuka ne da bugun da bai wuce na kusan kilomita 20 a sa'a ba, masu zamiya da yawa kuwa sun fi haka gudu. Amma rage rauni ma babban abu ne. A watan Disambar 2013 shahararren direban tsere Michael Schumacher ya faɗi kan dutse yana zamiya a Méribel, sanye da kwano, ya samu mummunan rauni, kuma likitocinsa a Grenoble suka ce ba don kwanon ba da bai iso asibiti da rai ba. A ɗaya gefen Mont Blanc, bayan ramin mota mai kilomita 11.6, ƙasar Italiya ta wajabta kwano ga yara tun da daɗewa, ta kuma faɗaɗa dokar zuwa duk wanda bai kai shekara 18 ba a 2022. Sannan a ranar tsananin sanyi dusar ƙanƙara na iya daskarewa ta yi tauri, faɗuwa a kanta kuwa ta fi muni. Hular ulu ma ba ta tare iska kamar yadda ɓawon kwano ke tarewa.

Saboda haka, mai karatu, idan karatu ko aiki ko yawon buɗe ido ya kai ka irin waɗannan tsaunuka, ka nemi kwano daidai kanka, ka sa siririyar hula a ƙarƙashinsa, ka rufe wuya da tazarar goshi, ka riƙe wata busasshiya a aljihu don canji idan ta farko ta jiƙe. Ka fi kula da yara, domin kansu ya fi na manya girma idan aka gwada da jikinsu, kuma ba kasafai suke faɗin cewa kunnensu ya ƙage ba. Idan ka ga fatar hanci ko kumatu ta yi fari ta daina ji, ka shiga ɗaki ka ɗumama ta a hankali, kada ka murza. Rigakafi ya fi magani, kuma babu sanyin da ya kai a cire kwano dominsa.