Wuyan Amarya

Ranar da na fara zuwa sutudiyon maigidana a Hausari, nan Maiduguri, da littafin koyon kiɗan Turawa a hammata na je, ina ji da kaina. Littafin ya koya mini ƙa'idar jera muryoyi: idan muryar sama ta hau, gara ta ƙasa ta sauka ko ta tsaya, kuma kuskure ne babba muryoyi biyu masu tazarar do da so su riƙa hawa da sauka tare. A kan irin wannan tsari su Bach, Bajamushen nan da ya rasu a 1750, suka gina waƙoƙinsu. Na haddace shi tsaf.

Wata rana aka kawo mana aikin waƙar biki daga Gwange, an biya rabin kuɗi, saura kwana biyu kamu. Maigida ya bar mini tsara amshi. A wani baiti ana yabon sarƙar da ke wuyan amarya. Na ba mawaƙi muryarsa, na ba 'yan amshi kishiyarta: in ya sauka, su hau.

Da ya dawo ya saurara sau biyu, sai ya kashe na'urar.

"Yaro, me amaryar nan ta yi maka?"

"Ban gane ba, ranka ya daɗe."

"Faɗi wuya, na jiki. Yanzu faɗi wuya, ta wahala."

Na faɗa, sai jikina ya yi sanyi. Ta farko daga sama take faɗowa, ta biyu daga ƙasa take tashi. Ashe 'yan amshina wahala suke ta kira wa yarinya ranar aurenta, ga uwarta da ƙawayenta za su zauna suna ji.

Ba wai bai san ƙa'idar ba, ya fi ni saninta nesa ba kusa ba. A kan piyano, inda babu kalma, yana bin ta, har yakan buge mini hannu in na karya. Amma da an zo kan murya, sai ya ce harshe ne sarki. Ya tuna mini da 'yan amshin Shata, waɗanda baki ɗaya suke amsawa, da kalangu, wanda aikinsa ke nan bin hawa da saukar magana.

Muka kwana muna sakewa. 'Yan amshi suka bi mawaƙi sau da ƙafa, a daidai tazarar nan da littafina ya hana. A wuri ɗaya kawai, inda aka ja wani dogon "ayye" marar ma'ana, ya ce in maido da kishiyar muryata.

"Nan kam, yi Turancinka," in ji shi.