Idon Na'ura da Dawakin Katsina

Katsina ta daɗe da yin suna a wasan ƙwallon doki, watau folo, tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sannan Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya ɗaukaka shi. A wannan wasa mahaya takwas ne ke bin ƙwallo guda, huɗu nan, huɗu can. Ɗan kallo yakan kafa wa doki ɗaya ido, ya bi shi har a tashi. Shin kwamfuta za ta iya bin dukan takwas ɗin a bidiyo ba ta ruɗe ba?

Bidiyo dai jerin hotuna ne, sau da yawa 25 a kowace daƙiƙa. Aikin na'ura hawa uku ne. Da farko takan gano kowane doki a hoto, ta kewaye shi da akwati. Sannan ta hasashi inda zai kai a hoto na gaba bisa saurinsa da inda ya nufa, da lissafin da Rudolf Kalman ya fito da shi a 1960. Daga nan sai ta haɗa kowane sabon akwati da tsohonsa, da dabarar da Harold Kuhn ya bayyana a 1955. Tsarin SORT na 2016 a kan waɗannan ya ginu.

Muddin dawaki na warwatse, babu wahala. Amma da zarar sun cure a kan ƙwallo, ƙura ta tashi, wannan ya tare wancan, sai hasashe ya rushe, domin doki ba dutse ba ne da aka jefa: yana kauce wa ɗan'uwansa, yana gogayya da shi. Idan suka rabu, sai na'ura ta ɗora wa na biyu lambar na biyar, duk lissafin da ya biyo baya ya ɓaci. Don maganin wannan ne tsarin DeepSORT na 2017 ya ƙara da lura da kamannin abin da ake bi, ba wurinsa kaɗai ba.

Nan ne abin ya shafi ɗalibin Hausa. Tsohon ɗan barga ba ya cewa doki kurum. Yakan ce akawal, ko kili, ko danda, ko hurde, ko bidi, kowane suna da launin da yake nufi. Da wannan ne yake fitar da dokin ubangidansa daga cikin ɗaruruwa a Ƙofar Soro ranar hawan salla. Abin da masana suka koya wa na'ura a 2017, harshe ya daɗe da taskace shi.

Sai dai masu wannan sani suna ƙarewa, matasa kuwa babur suka fi sani. Ya kamata ɗalibai su shiga bargogi da alƙalami da kyamara, su haɗa kowane suna da hotonsa tun masu faɗa suna raye.